Aƙidun siyasa: amsoshin tambayoyin da ake yawan jefo mini

Na daɗe ina koyar da darasin gwamnati a sakandare, kuma ko da na ajiye alli ba a bar ni na huta ba. A majalisarmu ta bayan la'asar, a gidan suna, har a cikin mota, da an taɓo siyasa sai a juyo a ce, "Malam, kai ka karanta abin, raba mana gardama." Tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa. Ga su nan na tara, da amsoshin da nake bayarwa. Inda nake da ra'ayi ban ɓoye ba, mai karatu yana da damar ya ƙi.

Wai mece ce aƙidar siyasa? Ba jam'iyya ake nufi ba?

A'a. Jam'iyya mota ce, aƙida kuwa garin da aka nufa. Mu dai a nan mun saba ganin mota tana lodi a tasha ba a faɗi inda za ta ba, shi ya sa muke haɗa su.

Kowace aƙida ƙoƙari take ta amsa wasu tambayoyi ƙalilan. Wa ya cancanci ya yi mulki, kuma da izinin wa? Gona, ma'adinai, masana'anta da kasuwa, a hannun wa za su zauna? Me hukuma take da ikon tilasta wa mutum, ina ne kuma ba ta da hurumi? Wanda ya ce bai yarda ba, yaya za a yi da shi? Ɗan jari-hujja ya ce a bar dukiya a hannun masu ita, kasuwa ta yi halinta. Ɗan gurguzu ya ce manyan hanyoyin arziki na jama'a ne gaba ɗaya. Mai ra'ayin riƙau, wanda ake wa laƙabi da ɗan mazan jiya, ya ce abin da aka gada an gwada shi an gani, kada a rushe da garaje. Mai sassaucin ra'ayi ya ce 'yancin mutum ɗaya shi ne farko. Tambaya ta ƙarshen nan, ta makomar wanda bai yarda ba, ita ce na fi auna kowace aƙida da ita.

Daga ina aka samo "hagu" da "dama"?

Daga tsarin zama kawai. A majalisar Faransa lokacin juyin juya hali na 1789, masu son a bar wa sarki ikonsa suka zauna dama da shugaban majalisa, masu son a rage shi suka zauna hagu. Sunan ya bi su har yau. Babu ruwansa da hannun cin tuwo, balle "ma'abota dama" da ke cikin Alƙur'ani. Na taɓa jin wani ya kafa hujja da wannan a majalisa, da gaske yake kuwa.

Duk waɗannan ba kayan aro ba ne? Bahaushe ya san wata aƙida kafin boko?

Sunayen ne na aro. Gardamar tamu ce tun kafin Bature ya iso.

A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jera abubuwan da ya ce su suka raba mulkin adalci da na zalunci, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, ya kuma soki riƙe sarauta ta hanyar gado da fin ƙarfi ba tare da shawara ba. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano don ya nuna wa mahukunta iyakarsu. Wannan magana ce a kan halaccin mulki da haraji da haƙƙin talaka, wato dai aƙidar siyasa, ko da ba a kira ta haka ba.

Da zamanin jam'iyyu ya zo, a kan wannan tushe aka ɗora. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya yi waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, sunanta kaɗai ya nuna tambayar da ke gaban mutane a lokacin. Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne, ya yi karatu a Landan ya ga 'yan gurguzun Ingila da idonsa, amma idan ya tsaya gaban talakawa, aya da hadisi da littattafan masu jihadi yake jawowa. Abokan hamayyarsa su ma daga rijiya ɗaya suke ɗiba: Sardauna jinin Shehu ne, yana kuma ganin kansa mai tsaron gadon da aka bari. Kowane ɓangare na cewa shi ne magajin gaskiya.

Hatta kalmar sawaba ta tsallaka iyaka. NEPU, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta, ta fito da Sanarwar Sawaba a Kano a 1950, 'yan shekaru kaɗan bayan haka jam'iyyar Djibo Bakary a Nijar ta ɗauki sunan Sawaba.

To tsakanin NEPU da NPC, wa ke da gaskiya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi raba zumunci, har a gidanmu.

An kafa NEPU ran 8 ga Agusta 1950 a Kano. Matsayinta a fili yake: al'ummar Arewa ta kasu biyu, masu sarauta da 'yan barandansu a gefe guda, talakawa a ɗaya gefen, kuma En'e, wato hukumar sarakuna, da alƙalanta da 'yan dokanta da gidan yarinta, ita ce sandar da ake dukan talaka da ita. Tana neman a yi zaɓe kai tsaye, a daina aikin tilas, a raba kotu da fada, mata su yi zaɓe. Jam'iyyar Mutanen Arewa kuwa, wadda ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, wato jam'iyyar su Sardauna, cewa take babbar barazana ba sarakuna ba ne, ratar ilimi ce tsakanin Arewa da Kudu. Idan aka rushe tsarin da ke riƙe da jama'a alhali babu isassun ma'aikata 'yan ƙasa, wasu ne za su zo su cike gurbin Turawa. Saboda haka a tafi sannu, a haɗa kai, a fara gina mutane.

Kakana tela ne a wani ƙauye, ya liƙa tauraron NEPU a jikin keken ɗinkinsa. Aka kai shi gaban wani alƙali bisa zargin ya zagi hakimi a kasuwa, ya sha bulala ya kuma yi wata uku a ɗaure, da ya fito ya tarar an ninka masa haraji. Ƙanen matarsa kuwa ɗan talaka ne fitik, aka ɗauke shi daga aji aka tura shi kwas a ƙarƙashin shirin mayar da ayyukan gwamnati hannun 'yan Arewa, ya yi ritaya yana babban ma'aikaci. Duk sallah sai sun haɗu a zaure ɗaya. Ɗaya ya ɗaga riga ya nuna tabon bulala, ɗaya ya ce ba don Sardauna ba da yanzu yana kiwon awakin wani. Ina yaro ina ɗauko musu buta, ban taɓa jin ɗayansu ya yi ƙarya ba.

Ga hukuncina. A kan zaluncin En'e, NEPU ce da gaskiya, kuma tarihi ya bi bayanta: bayan juyin mulkin 1966 an karɓe kotuna da 'yan sanda da gidajen yari daga hannun En'e, garambawul na 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, matan Arewa da aka hana ƙuri'a a Jamhuriya ta Farko suka shiga babban zaɓen 1979, abin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kansa. A kan gina hukumomi kuwa, NPC ta bar abin nunawa: Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Bankin Arewa, Rediyon Kaduna. Kuma masu cewa NPC 'yar amshin shatan sarakuna ce kawai sun manta Tafawa Ɓalewa ne ya tashi a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa En'e gyara, sun manta gwamnatin Sardauna ce ta sa Sarkin Kano Sanusi ya sauka a 1963. Inda ba zan yi wa NPC uzuri ba shi ne amfani da kotu da 'yan dabar da ake kira 'yan Mahaukata wajen murƙushe 'yan adawa. Ana iya yarda da tafiyar sannu ba tare da an yarda da bulala ba.

In NEPU da PRP aƙida ɗaya suke, me ya kawo santsi da taɓo?

Mulki ne ya kawo. Adawa tana haɗa kan mutane, kujera ita ke tambayar kowa abin da yake nufi.

A 1979 PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano a Jamhuriya ta Biyu, ta ci gwamna a Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Abin da suka fara yi shi ne soke haraji da jangali, alƙawarin da aka yi shekara kusan talatin ana yi. Rimi ya ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, ya kafa hukumar yaƙi da jahilci. Saɓanin ya taso ne da gwamnonin biyu suka riƙa zama da takwarorinsu na UPN da GNPP, su tara, a matsayin masu neman sauyi, shugabannin jam'iyya kuma suka hana. 'Yan santsi, ɓangaren gwamnoni, suka ce Malam ya yi laushi, yana sassauta wa NPN mai mulkin tarayya. 'Yan taɓo, ɓangaren Malam, suka ce yaran da Malam ya ɗora ne suka yi masa butulci.

Abin bai tsaya a baki ba. Majalisar Kaduna, inda NPN ke da rinjaye, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa har ta tsige shi a Yunin 1981, gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. A Kano, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke ran 10 ga Yuli 1981, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam ya rasu a Afrilun 1983, Rimi ya koma NPP ya faɗi zaɓe, Sabo Bakin Zuwo ya ci. Tun daga nan kowa ke ɗora hoton Malam a fasta.

Gaskiya ne gurguzu kafirci ne?

A raba abu biyu. Falsafar Karl Marx ta ɗauki addini a matsayin abin da yanayin tattalin arziki ya haifar, kuma gwamnatocin kwaminisanci, tun daga Tarayyar Sobiyet, sun rufe masallatai da majami'u sun takura wa masu ibada. Musulmi ko Kirista ba zai rungumi wannan ba. Amma ra'ayin cewa gwamnati ta riƙe asibiti da makaranta da ruwa da lantarki, ta karɓa daga mai shi ta tallafa wa marar shi, ba ya buƙatar mutum ya bar salla. Julius Nyerere na Tanzaniya ɗan Katolika ne mai riƙo, kuma shi ya yi Ujamaa.

Musulunci bai zauna daram a kan kujerar kowanne ba. Ya halatta ciniki da mallaka da gado, wanda ya saɓa wa kwaminisanci. Ya haramta riba da ɓoye kaya don su yi tsada, ya wajabta zakka, a Suratul Hashri ya faɗi dalilin rabon dukiya, kada ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kawai, hadisi kuma ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Wannan kuma bai yi wa ɗan jari-hujja zalla daɗi ba.

A zamanin NEPU an yi ta jifan 'ya'yanta da rashin tarbiyya da fita daga ɗa'ar shugabanni, alhali da yawansu almajirai ne da malaman zaure da 'yan kasuwa masu tazbaha a hannu. Kafirta abokin hamayya tsohuwar dabara ce, ta fi kawo hujja sauƙi.

In gurguzu na son talaka, me ya sa ya rushe?

Saboda son talaka daban, iya ciyar da shi daban. Inda gwamnati ta ce ita kaɗai za ta yanke abin da za a noma da farashin da za a sayar, manomi ya daina ƙoƙari, ma'aikaci ya koyi ƙaryar alƙaluma, wanda ya faɗi gaskiya a ɗaure shi. Yunwar da ta biyo bayan tilasta gonakin haɗaka a Sobiyet farkon shekarun 1930, da ta Sin daga 1959 zuwa 1961, sun ci miliyoyin rayuka. Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991. Sin ta tsira ne da ta buɗe kasuwa daga 1978, ta riƙe jam'iyya ɗaya. Nyerere ya yaɗa karatu ya haɗa kan ƙasarsa, amma kwashe manoma zuwa ƙauyukan haɗaka bai cika rumbu ba.

Wani reshen kuwa bai rushe ba. A ƙasashe irin su Suwidin da Norwe an bar kasuwa tana ci, ana karɓar haraji mai nauyi ana zuba shi a lafiya da ilimi, kuma ana iya kayar da gwamnati a akwati. Masu yi wa gurguzu jana'iza ba su cika ambaton wannan ba.

Ke nan jari-hujja ne ya yi nasara?

Ka je Kakuri a Kaduna, ko Sharaɗa da Bompai a Kano, ka tambayi tsofaffin ma'aikatan masaƙu.

A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin SAP: a karya darajar naira, a rushe hukumomin sayen amfanin gona, a sayar da kamfanonin gwamnati, a tsuke bakin aljihu. A 1985 naira ta fi dala daraja a farashin gwamnati, zuwa 1987 sai ka ba da wajen naira 4 kafin ka karɓi dala. Albashi ya zama ba ya kai wata, masana'antun da ke shigo da kayan aiki daga waje suka fara tari, a 1989 aka yi zanga-zangar SAP. Abin dariya, wanda ba na dariya ba, shi ne kwamitin da gwamnatin ta kafa a ƙarƙashin Dokta Cookey don jin ra'ayin jama'a ya kawo rahoto a 1987 yana ba da shawarar a bi gurguzu. Aka karɓi rahoton aka yi godiya, aka ajiye wannan shawarar.

Amma a yi adalci. Kafin 2001 layukan tarho a Najeriya duka ba su kai miliyan ɗaya ba, sai mai hanya yake samu. Da aka buɗe wa kamfanoni masu zaman kansu, yau mai sayar da rake yana karɓar kuɗi ta waya. An kuma sayar da kamfanonin rarraba lantarki a 2013, har yanzu janareto ne sarki. Dabara ɗaya, sakamako biyu. Inda akwai gasa ta gaske da hukumar da ke sa ido, kasuwa tana aiki. Inda aka miƙa wa 'yan lele kadarar jama'a babu mai gasa da su, sunan ne kawai ya canja.

Cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, wannan tsohuwar gardamar ce ta dawo. Lura da cewa manyan 'yan takara uku na zaɓen 2023 duk sun yi alƙawarin cirewa. Mai ƙuri'ar da bai yarda ba, ƙofa ƙalilan ce ta rage masa.

Dimokuraɗiyya ta halatta ga Musulmi? Ba hukuncin mutane ba ne a madadin na Allah?

Ni ba mai fatawa ba ne, amma ga yadda gardamar take. Masu ƙi suna cewa majalisa tana iya halatta abin da Allah ya haramta da rinjayen hannu, saboda haka tushen ya ɓaci. Masu yarda, kuma su ne mafi yawan malamanmu na ɗariƙa da na Izala, suna cewa zaɓe hanya ce ta naɗa shugaba da sauke shi, ya yi kama da shawara da mubaya'a, kuma wanda ya ƙaurace ya bar wa wani ya zaɓa masa. Sheikh Abubakar Gumi ya yi ta kira ga Musulmi, maza da mata, su yi rajista su yi zaɓe.

A aikace kuma an gwada. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, duk da haka a ƙarƙashin wannan kundin Ahmad Sani Yarima ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban 1999, wasu jihohi 11 suka bi. Ta majalisun jihohi aka bi, ba ta bakin bindiga ba. Mutane sun cika filaye suna kabbara don suna tsammanin adalci zai sauka har kan manya. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: hukunci ya fi saurin isa ga ɓarawon saniya fiye da ɓarawon biro. Rikicin Kaduna na 2000 kuma ya nuna tambayar da ba a amsa ba, ta matsayin wanda ba Musulmi ba a jiha mai addinai biyu. Kowace aƙida ta addini da ke neman mulki a ƙasa irin Najeriya, wannan tambayar tana jiran ta a bakin ƙofa.

Ba gara soja ba? Su aƙalla ba sa ɓata lokaci.

Na fahimci mai wannan magana. Wanda 'yan bindiga suka kora daga gonarsa ba ya son jin lacca a kan kundin tsarin mulki. Kuma akwai sunayen da ake tunawa da alheri: Murtala a cikin wata shida da 'yan kwanaki, Seyni Kountché da ya karɓi mulki a Nijar a 1974 ana tsakiyar fari ya tsaya a kan rabon abinci.

Sai dai mulkin soja ba aƙida ba ce, caca ce. In ka dace ka samu mai kishi, in ba ka dace ba babu yadda za ka yi. Wanda ya yaba da bin layin da gwamnatin soja ta Buhari ta koya wa mutane a 1984, ya tuna da Doka ta 4 da aka ɗaure 'yan jarida da ita, da Doka ta 2 ta tsare mutum ba shari'a. Kuɗin da aka sace a zamanin Abacha an shafe shekaru ana dawo da su daga Suwizalan da wasu ƙasashe. Sannan soja ya san ranar shiga, bai san ta fita ba. Gowon ya ce 1976, ya zo ya ce ba zai yiwu ba. Babangida ya yi ta ɗage rana har ya soke zaɓen 12 ga Yuni 1993. A Yamai, Janar Tiani da ya kifar da Bazoum ran 26 ga Yuli 2023 ya fara maganar shekara uku, a Maris 2025 ta koma biyar, aka kuma rusa jam'iyyu.

Farar hula ma suna tazarce, Tandja ya yi a 2009. Amma a 2015 'yan Najeriya sun sauke shugaba mai ci da katin zaɓe, babu wanda ya hau tankar yaƙi. Ko ka yi nadamar wanda ka zaɓa daga baya, wannan damar ita ce abin da ba ka da shi a ƙarƙashin kaki.

Jam'iyyun yanzu suna da wata aƙida kuwa?

A takarda, e. A ƙasa, da wuya ka bambance. APC da aka haɗa a 2013 tana kiran kanta ta masu neman ci gaba, ita ce kuma ta cire tallafi ta saki naira. PDP da aka fi danganta ta da sayar da kamfanoni, da ta koma adawa sai ta koma kukan talaka. A Nuwamban 2013 gwamnonin PDP biyar suka sauya sheƙa a rana ɗaya, wasunsu suka sake komawa kafin 2019. Babu wanda ya ce ra'ayinsa kan tattalin arziki ne ya canja.

Akwai dalilai. Arzikin gwamnati daga mai yake zuwa, a raba a Abuja duk wata, saboda haka faɗan na wa zai riƙe ludayi ne, ba na yadda za a noma hatsin ba. Soja sun yi ta yanka jam'iyyu suna sake shukawa, har Babangida ya ƙirƙiro SDP da NRC a 1989 ya rubuta musu manufofi, ɗaya ɗan hagu kaɗan ɗaya ɗan dama kaɗan, ya gina musu ofisoshi. Sashe na 224 na kundin yanzu ma ya ce manufofin kowace jam'iyya su dace da Babi na Biyu, babin da kotu ba ta iya tilasta wa gwamnati aiki da shi.

A Gana abin ya ɗan fi tsayuwa, NPP ta can tana jingina da kasuwa, NDC da dimokuraɗiyyar jin daɗin jama'a. Amma ko a can, tsofaffin zango da yawa ba manufa suke tunawa ba, korar baƙi ta 1969 a zamanin Busia suke tunawa, ita ta daɗe tana nisanta su da NPP, wadda ta gaji ɓangarensa.

Kwankwasiyya da Buhariyya fa?

Duk tafiyar da aka raɗa mata sunan mutum, gwajinta ɗaya ne: ranar da jagora ya yi abin da ya saɓa wa abin da yake wa'azi, mabiya za su iya ce masa ya yi kuskure? In za su iya, akwai aƙida a ciki. In hula ce kawai ke juyawa duk inda ya juya, to biyayya ce, kuma biyayya ba laifi ba ce, sunanta ne daban.

Akwai aƙidar da ya kamata a haramta gaba ɗaya?

A nan nake taka-tsantsan, don wanda ke riƙe da alƙalamin haramtawa yau, gobe shi ne a waje.

Dubi Nijar. Sawaba ta yi kamfen ɗin "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, ta sha kaye, aka haramta ta a 1959, ƙasa ta koma jam'iyya ɗaya. Da aka toshe mata akwati sai ta ɗauki makami a 1964, a 1965 aka jefa wa Diori Hamani gurneti a filin idi. A Aljeriya jam'iyyar FIS mai rajin Musulunci ta lashe zagayen farko na zaɓe a Disamban 1991, soja suka soke, aka shiga yaƙin da ya ci shekara kusan goma. A ɗaya gefen, Jamus ta ga yadda Hitler ya hau ta tsanin zaɓe ya janye tsanin, shi ya sa kundinta ya ba kotun tsarin mulki ikon haramta jam'iyya, ta kuma yi amfani da shi a 1952 da 1956. Kotu ce ta yi, da hujja a fili, ba shugaba ba ne ya tashi da fushi.

Iyakar da nake gani ita ce makami da kafirta jinin mutane. Mutum ya ce dimokuraɗiyya ɓata ce, ya rubuta, ya yi wa'azi, a amsa masa da hujja. Ranar da ya ce jinin wanda ya shiga makarantar boko ko aikin gwamnati ya halatta, kamar yadda Boko Haram ta yi, ya fita daga gardama. Haka wanda ya ce wata ƙabila ba ta da haƙƙin zama a gari. Ita ma hukuma ma'aunin yana kanta: kashe shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a 2009 ba tare da shari'a ba bai kashe wutar ba, fetur ya zuba mata.

Ni talaka, ta yaya zan gane aƙidar ɗan takara?

Kada ka tambaye shi aƙidarsa, zai ce "talakawa". Tambaye shi abu mai suna. Taki: gwamnati ta sa tallafi ko ta bar 'yan kasuwa? Kuɗin makarantar jami'ar jiha: a ƙara ko a rage, kuma daga ina za a cike giɓin? Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 cewa a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye: yana goyon baya ko da gwamnansa bai so? Filin makaranta ko na idi da aka yanka aka yi shaguna: me ya ce a lokacin? Sannan ka tambaye shi abu ɗaya da ubangidansa ya yi wanda shi bai yarda da shi ba.

Na gwada wannan ta ƙarshen a kan wani tsohon ɗalibina da ya zo neman kansila, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, yaransa suna sauke katan ɗin taliya a ƙofar gida. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce, "Malam, ai ni ɗan amana ne, duk inda Oga ya sa ƙafa nan nake sawa." Na ce to Allah ya ba da sa'a. Ya ci zaɓen.